Mun Ziyarci Gidan Gilashi A Tsibirin Murano

Masu karatu, kafin mu ba ku labarin wannan tafiya sai mu fara da wani ɗan dutsen wuya da ya daɗe cikin adakar uwargidanmu. Girmansa bai wuce ƙwan tattabara ba. Jikinsa shuɗi ne, amma a bakinsa biyu akwai zane ja da fari masu tsini kamar haƙoran zarto. Kakarta ce ta bar mata shi, ita ma kakar a hannun uwarta ta same shi. A gidansu dutse ake ce da shi, har yara sukan yi gardama a kan kogin da aka tsinto shi. Ashe ba dutse ba ne, gilashi ne, hannun mutum ne ya yi shi. A watan Agusta na shekarar 2023 muka tsaya a gaban 'yan'uwansa a ƙasar Italiya.

Abin da ya kai mu can taron malaman makarantun ekklesiya ne a wani gari na arewacin ƙasar. Da aka tashi taro muka sami kwana biyu kafin ranar jirginmu. Mu uku ne: mu da uwargida, da Malam Tsado, wani malamin lissafi Banufe daga Bida. Mu kuwa Katsinawa ne, saboda haka kun san ba a rasa tsiya a hanya ba. Shi ne ya matsa mu tafi Murano. Ya ce garinsu garin masu gilashi ne, ba zai koma gida bai ga abokan sana'ar mutanensa ba. Muka ce masa, "To, Malam, mu je ka ga inda iyayen gidanku suke." Ya ce mu dai bari mu isa tukuna.

Sai an bi ta birnin Benis ake zuwa Murano. Mutanen birnin suna kiransa Benesiya, Larabawa kuwa Bundukiyya, da wannan kalma kuma suke kiran bindiga. An gina shi a kan ƙananan tsibirai fiye da ɗari, cikin wani babban tafki mai haɗe da teku. Jirgin ƙasa ya ɗauke mu bisa wata doguwar gada, wajen mil biyu da rabi, ruwa dama da hagu, ya sauke mu a bakin birni. Daga nan ba mota, ba babur, ba ko keke. Duk wanda zai yi tafiya, ko dai ya taka da ƙafa, ko ya shiga jirgin ruwa na haya, wanda shi ne bas ɗinsu. Har masu kwasar shara da masu ɗaukar marasa lafiya da jirgin ruwa suke aikinsu. Muka ratsa lunguna da gadoji zuwa gefen arewa na birnin, muka shiga jirgi. Muka wuce wani tsibiri mai jan garu da dogayen itatuwa, aka gaya mana hurumin birnin ke nan, ana kiransa San Michele. Cikin minti goma ko sha biyar muka sauka a Murano. Uwargida ba ta saki ƙarfen jirgin ba sai da ya tsaya cik.

Murano tsibirai bakwai ne da aka haɗa da gadoji, mutanensa ba su kai 5,000 ba. Wurin ya fi Benis shiru. Kantuna ne jere a bakin ruwa, kowanne cike da kwalabe da finjalai da fitilu da tsuntsayen gilashi, rana tana dukansu suna ƙyalli har ido ya gaji. A bayan kantunan ne matoya suke.

Yadda sana'ar ta taru a nan kuwa, ga shi. A shekarar 1291 hukumar Benis ta yi doka cewa a kwashe matoyan gilashi daga cikin birni a kai su Murano. Dalilin da aka bayar gobara ne, gama yawancin gidajen birnin na katako ne a lokacin, matoya kuwa wutarta ba ta mutuwa dare da rana. Amma akwai wani dalili. Idan masu sana'a suna tsibiri ɗaya, tsaronsu ya fi sauƙi. Gilashi yana kawo wa Benis kuɗi mai yawa, ba ta so asirinsa ya fita. Aka ba gwanayen sana'ar girma ƙwarai, har ɗan babban gida yana iya auren 'yar mai gilashi, 'ya'yansa kuma ba su rasa gādon sarauta ba. Amma aka hana su barin ƙasar. Wanda ya gudu, ana iya kama danginsa a tsare har ya komo. Malam Tsado ya ce wannan ai kaza ce da ake ba ta dawa a cikin akurki.

Gidan kayan tarihin yana bakin ruwa, ƙofa kaɗan daga wata tsohuwar majami'a. Babban soro ne mai fari. Dā can gidan wani attajiri ne, sa'an nan wajen ƙarshen ƙarni na 17 ya zama mazaunin bishop na Torcello, wani tsibiri na kusa wanda zazzaɓin cizon sauro da cikewar hanyoyin ruwa suka kore mutanensa. A 1840 hukumar garin Murano ta saye shi ta mai da shi ofishinta. A 1861 aka fara tara kayan tarihi a ciki. An gyara shi an kuma faɗaɗa shi a 2015, aka haɗa masa da wani sashe na tsohuwar ma'aikatar duwatsun ado da take bayansa.

Ɗakin da muka fara shiga na kayan zamanin Romawa ne. An tono yawancinsu daga kaburbura a wajen garin Zadar, a ƙasar da ake kira Kuroshiya yanzu. Shekarunsu sun kusa 2,000. Akwai 'yan kwalaben turare masu dogon wuya, da kwanoni, da manyan tuluna masu murfi waɗanda ake zuba tokar mamaci a ciki, gama Romawa sukan ƙone gawa. Launinsu kore-kore ne mai haske kamar ruwan rafi, ƙasa kuma ta ci jikin waɗansu har suna walƙiya kamar bakan gizo. Muka daɗe a nan fiye da yadda muka yi niyya. Mutane sun san gilashi tun fiye da shekara 4,000 da suka wuce, a Masar da ƙasar da take tsakanin kogin Yufiretis da Taigiris, amma abu ne na sarakuna, shi ya sa Littafin Ayuba ya jera shi tare da zinariya. Sai a ƙarni na ƙarshe kafin haihuwar Almasihu wani ya gane cewa in aka ɗebo narkakken gilashi a bakin bututu aka hura, zai kumbura kamar mafitsara. A yankin Suriya da Falasɗinu aka gano wannan dabara, har an tono waɗansu daga cikin burbushinta mafi tsufa a Urushalima. Daga nan gilashi ya yi araha, ya shiga gidan talaka. Sidon ta yi suna da shi ƙwarai, akwai ma wani gwani na can mai suna Ennion wanda yakan sa sunansa a jikin finjalansa. Watau a kwanakin da Ubangijinmu ya bi ta yankin Taya da Sidon, wannan sana'a sabuwa ce, tana tashe. Mun yi shekaru muna koyar da taswirar wannan yanki a aji, ba mu taɓa tunanin hayaƙin matoya yana tashi a can ba.

Daga nan muka hau bene zuwa babban zaure. Kai, sai mutum ya riƙe hularsa! Manyan fitilu uku suna rataye daga rufi. Ta tsakiyar tana da rassa 60, ganye da furanni duka na gilashi, kowane yanki an yi shi dabam sa'an nan aka harhaɗa. Gwanaye biyu, Giovanni Fuga da Lorenzo Santi, su suka yi ta domin bikin nunin gilashi na 1864. Uwargida ta ɗaga kai ta dube ta, ta ce, "Malam, wa yake share ƙurar wannan?" Ba wanda ya iya ba ta amsa.

Abin da aka fi zuwa gani a gidan ƙarami ne, bai kai ƙwaryar fura ba. Finjali ne mai gindi, shuɗi mai duhu, ana kiransa finjalin Barovier. An yi shi tsakanin 1470 da 1480, ana ɗauka kuwa kyautar aure ce. A jikinsa akwai hoton namiji a gefe ɗaya, mace a ɗaya gefen, da 'yan mata bisa dawakai suna tafiya wajen wata maɓuɓɓuga. Ba fenti irin namu ba ne. Garin gilashi mai launi ne ake shafawa tare da zinariya, a mai da kayan cikin wuta har zanen ya narke ya kama. In zafin ya yi yawa kaɗan, aikin watanni ya lalace. Wannan ya tsira daga wuta, ya kuma tsira daga hannun mutane fiye da shekara 500. Mu da tambulan shida na bikinmu ba su kai shekara uku ba, sai muka yi shiru.

Gidan Barovier ne suka ɗaukaka sunan Murano. Angelo Barovier, wanda ya rasu a 1460, shi ya gano yadda za a yi gilashi garau, marar launi, mai kama da ƙarau na dutse. Kayan haɗinsa ba wani abin mamaki ba ne. Farar tsakuwa ce daga kogin Ticino, a ƙona ta a niƙa ta zama gari. Sai tokar waɗansu tsire-tsire na bakin teku, wadda jiragen Benis suke kawowa daga Suriya da Masar. Dabararsa ita ce ya tace tokar: a jiƙa ta, a tsiyaye ruwan, a dafa har gishirin ya fito fari. Duk matar da ta taɓa tsiyaya ruwan toka domin miya ko sabulu ta san rabin wannan aiki. Sa'an nan a ƙara ɗan wani ma'adini da ake kira manganis, shi ne yake kashe koren da ya rage. Launi kuma daga ƙarafa yake fitowa. Kobal yana ba da shuɗi, jan ƙarfe yana ba da kore ko shuɗi mai haske, kuza tana ba da fari kamar madara, zinariya kuwa, abin mamaki, ja take bayarwa.

Ɗakunan da suka biyo baya sun nuna yadda gwaninta ta yi ta hauhawa. Mun ga finjalai masu sirara kamar ɓawon albasa. Mun ga faranti da aka saƙa fararen zare a cikin jikinsa kamar ragar kamun kifi, a kowane ido na ragar kuma akwai ɗan kumfan iska guda, ba wanda ya fi wani girma. An fara irin wannan aikin zare wajen 1527. Mun ga gilashi mai kama da dutsen tsakiya, da mai ƙyalƙyali kamar an barbaɗa masa garin zinariya. Akwai wani tebur da aka shimfiɗa lambu sukutum a kansa, da shinge da tukwanen fure da maɓuɓɓuga, duka na gilashi, domin kawai manyan mutane su riƙa kallo suna cin abinci. Wannan kam bai burge mu ba. Aiki ne mai wuya, amma wasan masu kuɗi ne.

Labarin madubi ya fi jan hankalinmu. Madubin zamanin manzanni na tagulla ne da aka goge, shi ya sa fuska ba ta fita sosai a cikinsa. A 1507 waɗansu 'yan'uwa biyu na Murano, 'yan gidan Dal Gallo, suka sami izinin yin madubi ta shafa kuza da zaiba a bayan gilashi. Fiye da shekara 150 Benis tana cin kasuwar madubi, tana sa kuɗin da ta ga dama. A 1665 Colbert, wazirin kuɗi na sarkin Faransa, ya aika a asirce aka zuga waɗansu ma'aikatan Murano da kuɗi suka gudu zuwa Faris. Biyu daga cikinsu suka mutu farat ɗaya a 1667, aka yi zargin guba ce, sauran suka koma gida. Amma Faransawa sun riga sun koya. Ba a yi shekara ashirin ba suka jera madubai 357 nasu na kansu a zaure guda na fadar Versailles. Tun kafin wannan ma, a 1612, wani firist na birnin Florence mai suna Antonio Neri ya buga littafi ya bayyana yadda ake haɗa gilashi iri iri, aka juya shi zuwa harsuna da dama. Ingila ta fito da nata gilashi mai darma wajen 1674, mutanen Bohemiya kuma suka fito da nasu mai kauri wanda ake iya sassaƙawa. Kasuwar Murano ta fara ja da baya.

Sa'an nan babbar masifa ta zo. A 1797 Napoliyon ya ci Benis, daga baya aka rushe ƙungiyar masu gilashi, ƙasar kuma ta faɗa hannun Ostiriya, wadda ta fi son kayan Bohemiya su ci kasuwa. Matoya suka yi ta mutuwa. Tsofaffin gwanaye suka mutu da abin da suka sani, gama an saba ɓoye shi, uba ya raɗa wa ɗansa kaɗai. Asirin da aka tsare da kurkuku bai hana baƙi koyo ba, amma da wahala ta zo, 'ya'yan gida ne suka rasa shi.

A nan ne labarin gidan da kansa ya shigo. Wani firist ɗan Murano, Vincenzo Zanetti, tare da shugaban garin, Antonio Colleoni, suka shiga bin gidaje suna roƙon tsofaffin finjalai da takardu. Ba domin baƙi masu yawon buɗe ido suka tara su ba. A 1862 Zanetti ya buɗe makaranta a jikin gidan, inda ma'aikatan matoya suke zuwa su koyi zane, su ɗauki aikin kakanninsu su juya shi a hannu, su koma su gwada har su gane yadda aka yi. Ta haka aka farfaɗo da dabaru da dama da suka ɓace. A wannan zamani ne kuma gidajen Toso da Salviati suka tashi, aikin ya sake samun kasuwa. Mu malamai uku muka tsaya a gaban hoton wannan firist muka dube shi da kyau. Bai bar wani finjali mai suna ba, amma da bai tara ya kuma koyar ba, da yawancin abin da yake ɗakunan gaba babu shi.

To, me ya riƙe tsibirin a shekarun wahala, kafin Zanetti? Duwatsun ado ne. Nan ne muka iso inda labarinmu ya fara.

Ɗakin duwatsun ado ba shi da girma sosai. An ɗinka duwatsun jere-jere a jikin kwalaye, kowanne da lambarsa, domin fatake su nuna wa masu saye a ƙasashe masu nisa. Muna cikin dubawa sai uwargida ta kama hannun rigarmu. Ga shi nan, shuɗi, da ja da fari masu tsini a baki, kamar an tsaga kara da nata. Ta ciro nata daga jaka, gama ta zo da shi, ta kara a jikin gilashin akwatin. Wata ma'aikaciyar gidan ta matso ta duba, ta yi murmushi, ta ce sunansa rosetta. Ana danganta ƙirƙirarsa ga mace, Marietta, 'yar Angelo Barovier, wajen 1480. Ana ɗebo gilashi a huda shi da iska, a tsoma shi cikin wani launi, a danna shi cikin wani mazubi mai siffar tauraro, a sake tsomawa a sake dannawa, har launi ya hau kan launi sau shida ko bakwai. Sa'an nan mutum biyu su kama shi da sandunan ƙarfe, ɗaya ya nufi gabas ɗaya yamma, su ja shi ya zama dogon kara, ramin kuma yana nan a tsakiya tun daga farko har ƙarshe. In ya huce a yayyanka shi, a goge bakin kowane yanki har tauraron ya fito. Muka ƙirga na uwargida, hawa shida ne.

Ƙananan kuma, irin waɗanda ake yi wa hula da jaka ado da su, haka ake jan karansu, a yanka mitsi-mitsi, a cusa musu toka da gawayi kada ramin ya toshe, a juya su cikin zafi har su yi mulmul. Matan Benis ne suke shirya su a zare. Sukan zauna a ƙofar gida da akushin katako a cinya, da dogayen allurai arba'in ko fiye a hannu ɗaya kamar mafici, suna tsomawa cikin duwatsun, ladan kuwa kaɗan ne. A 1898 ma'aikatu 17 suka haɗu suka zama kamfani guda na wannan aiki, wanda ya rufe a farkon shekarun 1990.

Ina duwatsun nan suka tafi? Da yawa Afirka suka nufa. Waɗansu ta teku zuwa gaɓar yamma, waɗansu ta Tarabulus, a kan raƙuma, su ƙetare hamada. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya lissafta duwatsun Benis cikin kayan Turai da ya gani a kasuwa. Wataƙila ta wannan hanya na uwargida ya zo. Amma ba za mu ɓoye muku sauran zancen ba. An musaya irin waɗannan duwatsu da zinariya da hauren giwa da manja, an kuma musaya su da mutane. A gidan su uwargida akwai labarin ƙanwar kakan kakarta, wadda mahara suka kama a gona, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Uwargida ta daɗe tana kallon kwalayen nan. Daga baya ta ce, a hankali, "Ko nawa ne kuɗin yarinya a cikin waɗannan?" Ba mu ce kome ba. Ta mai da dutsenta cikin jaka, muka fita tsakar gida muka zauna a inuwa. Matan da suka shirya duwatsun a zare ba su san inda za su ba, su ma abinci suke nema. Waɗanda suka sani su ne fataken, nasu da namu.

Da muka huta, Malam Tsado ya ce yanzu sai mu saurare shi. Ya ce kada mu koma gida muna cewa Turawa ne suka koya wa baƙar fata gilashi. A Ile-Ife, a wani wuri da ake kira Igbo Olokun, masu bincike sun tono dubban duwatsun ado da tukwanen narka gilashi, an kuma tabbatar a can ake haɗa gilashin daga kayan ƙasar, tun daga ƙarni na 11 zuwa na 15. Watau kafin a haifi Barovier ana wannan aiki a ƙasar Yarabawa. A Bida kuma akwai unguwar Masaga, waɗanda suke cewa kakanninsu daga Masar suka zo. Sukan zauna kewaye da matoyar yumɓu a cikin ɗaki, yaro yana zuga, kowa da sandar ƙarfensa, suna naɗa ƙarau da duwatsun wuya. Dā su da kansu suke dafa baƙin gilashinsu daga yashi da kanwa, suna kiransa bikini. Da kwalabe suka yi yawa sai aka koma narka kwalabe, gama ya fi sauƙi. Muka tambaye shi ko shi ya san yadda ake dafa na asalin. Ya ce bai sani ba, bai kuma taɓa tambaya ba, ko da yake a makarantar da ya yi firamare ana jin ƙarar zuga-zuginsu. A nan bakin Banufe ya mutu, mu ma ba mu sami abin tsokana ba, gama in aka tambaye mu yadda maƙeran garinmu suke fitar da ƙarfe daga tama, amsarmu ɗaya ce da tasa.

Ɗakunan ƙarni na 20 mun ratsa su da sauri, ƙafa ta gaji. Akwai aikin kamfanin Venini, wanda aka kafa a 1921, da wata tukunyar fure mai kama da adiko da iska ta ɗaga. Ita kaɗai muka riƙe a ka.

Da la'asar muka shiga wata matoya mu ga aikin da idonmu. Tun daga ƙofa zafi ya mare mu. Da dare suke narka gilashin, a zafin da ya kai digiri 1,400, da safe su rage wuta su fara aiki. Gwanin yana zaune a benci, mataimakinsa ya kawo masa curin gilashi a bakin bututu, ja wur, yana zuba kamar zuma. Ba ya barin bututun ya tsaya, kullum yana murza shi. Ya hura sau ɗaya, ya juya, ya matse da awartaki, sai ga tulu. Ya sake karɓar wani curi, ya ja nan, ya tsunkuli can, ya yanka da almakashi, kafin mu gama gyara tsayuwa sai ga doki yana tsaye a kan ƙafafunsa na baya. Muka yi zaton ya huce, gama jan ya tafi. Sai ya ɗora masa 'yar takarda, nan take ta kama wuta. Ya ce dole a sa kowane aiki cikin wani tanderu ya huce sannu a hankali har gobe, in ba haka ba zai fashe da kansa.

Kansa fari fat, mataimakinsa ma ba yaro ba ne. Muka tambaye shi ta bakin mai fassara, "Baba, ina 'ya'yanka?" Ya ce ɗaya yana aikin otal, ɗaya yana Milan. Ya ce ana shekara goma sha kafin hannu ya faɗa, yaran yanzu kuwa ba su da wannan haƙuri, shi ma ba ya ganin laifinsu. A 2021 da 2022 kuɗin gas ya yi tashin da ya sa matoya da dama suka kashe wutarsu na wani lokaci. Ga kuma kayan jabu masu araha da ake kawowa daga waje ana sayarwa da sunan Murano. Tun 1994 akwai tambari na hukuma da ake liƙa wa na ainihi. Wannan bayani ya zo mana a makare, gama da safe mun riga mun sayi 'yan kunne a wani kanti muna murna mun iya ciniki. Da muka duba, ba tambari.

Kafin jirgi ya zo muka leƙa majami'ar da take kusa da gidan, ta Maryamu da Donato. An shimfiɗe daɓenta da ƙananan duwatsu da gilashi masu launi, da siffar ɗawisu da gaggafa, an kuma rubuta shekarar aikin a jiki, wajen 1140. A bayan bagade an rataye waɗansu manyan ƙasusuwa, mutanen wurin suna cewa na wani dodo ne da Donato ya kashe. Malam Tsado ya auna su da ido, ya ce shi dai bai ga dodon da ya wuce wata babbar dabba ta zamanin dā ba.

Mun komo gida lafiya. A hutun Kirsimati na wannan shekara Malam Tsado ya tafi Masaga da littafin rubutu da goro, ya zauna da tsofaffi kwana huɗu. Ya rubuto mana cewa da fari sun ɗauka ɗan leƙen asiri ne, sai da aka gano wani cikinsu ya san kakansa. Ya aiko mana da ƙarau shida cikin kwalin sabulu, biyu sun fashe a mota. Huɗun da suka rage suna cikin kabad na ajinmu, kowanne da 'yar takarda mai faɗin inda aka yi shi da shekarar. Dutsen uwargida kuwa ta ƙi ba mu. Ta ce na 'yarta ne, sai dai yara su zo gida su gani.